Bakin da Ya Kasa Yabon Ɗan Fari

Hauwa, ke kika gaya mini ranar sunan 'yarki cewa a shagon kayan abincin gida da ke titin Wendover har yau labarin da ake bayarwa shi ne korata aka yi daga koyar da ƙwallon Amurka, aka jefa ni koyar da wasan besbol don a rufa mini asiri. Ɗan'uwanki Sadiƙu kuma ya ɗora da cewa shi abin da ya taso yana ji shi ne ni da yayanku Abba ba ma ga maciji. Na yi dariya a lokacin saboda akwai baƙi, amma maganar ta kwana mini a rai. Ba wanda ya kore ni. Da ƙafata na shiga ofishin shugabar makaranta na cire usur daga wuyana na ajiye mata a kan tebur. Kuna ƙanana a shekarar, abin da kuka gani kawai shi ne gida ya yi shiru kuma Baba ya daina dawowa da ciyawa a takalmi. To ga yadda aka yi, kuma ba neman gafarar kowa na zo yi ba.

Sai na ɗan koma baya don ku san girman abin da na ajiye. Ina yaro mai tasowa mahaifina ya zo garin nan na Greensboro a Amurka karatun aikin gona, ya taho da mu daga wani ƙauye a gefen Funtuwa. Ban zo da Turanci ba, ban zo da takalmin kirki ba, amma na zo da hannu. A can ƙauye duk kaka ni ake ɗorawa a kan rumfa a tsakiyar gonar dawa ina korar tsuntsaye da hoge, kuma tsuntsu ba ya tsayawa jiranka, dole ka jefa inda zai je ba inda yake ba. Wata rana malamin wasanni ya gan ni na sauko da kurege daga reshe da ɗan dutse. Na ɗauka na shiga uku, sai ya miƙo mini wani ƙwallo mai siffar gwanda ya ce in jefa wa wancan yaron da ke gudu. Na jefa inda zai je. Daga ranar na zama abin da suke kira kwatabak, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke duba fili ya zaɓi wanda zai jefa wa, yayin da ƙarti masu wuyan bijimi ke rugowa su danne shi. Hannun nan ya kai ni wata ƙaramar kwaleji a cikin duwatsun yamma. Ban zama wani shahararre ba, amma waɗanda suka kara da ni sun san an yi wani Haruna. Da gwiwa ta ce ta gaji na dawo Greensboro, na zama malamin motsa jiki kuma kocin ƙwallo a wata sakandare can kudu, hanyar Pleasant Garden.

Duk tsawon wasan da na yi, mahaifina bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba, kuma ban taɓa shakkar yana alfahari da ni ba. Ina da hanyar sani. In baƙo ya zo gaisuwa ya ce ya ji ana maganata, sai Malam ya taɓe baki.

"Wannan? Ai ba abin da ya iya sai ci da jifa."

"Haba Malam," baƙon zai ce, "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron nan ya fitar da mu kunya a ƙasar nan."

Sai Malam ya sunkuyar da kai yana gyara hula, ni kuwa ina bayan ƙofa kaina na neman fasa rufi. Haka ake yabon ɗa a wurinmu, aikin mutum biyu ne kamar luguden daka, uba ya sauke taɓarya, baƙo ya ɗaga tasa. Uban da ya yabi ɗansa da bakinsa, mutane za su dube shi su ce wannan ba a gama rainonsa ba.

Aka haifi yayanku bayan rasuwar Malam, na sa masa sunansa. Nan aka samu wani yaro a Amurka wanda duk gidansu ba mai iya kiran sunansa. Ni ba zan kira sunan ubana gatsau ba, sai na ce Abba. Mamanku ɗan farinta ne, ko Abban ma nauyi yake mata, sai ta ce "yaron nan", ni kuma ta tsallake shi ta kira ni Baban Hauwa kamar ke ce babba. Iya, mahaifiyata, da ta dawo wurinmu da zama bayan takaba, sunan mijinta ne, don haka ta ce Maigida, ta kuma ɗauke shi miji kamar yadda kaka ke yi da jika, kullum tana ƙorafin bai ba ta kuɗin cefane ba. Sunan kun san shi, ba sai na rubuta ba.

Matsalar ita ce yaron ya gaji hannuna, har da ƙari. Tun yana ƙarami nake jefa masa ƙwallo a bayan gida, a can ba mai gani. Da ya shigo sakandaren da nake koci sai abin ya fito fili. Na san yadda ake zagin kocin da ya ɗora ɗansa a kan 'ya'yan mutane, na kuma rantse ba za a ce Haruna ya yi ba. Sai na ajiye shi a benci na sa wani yaro mai suna Kodi, ɗan kirki, mai gudu kamar an biyo shi, amma in ya jefa ƙwallo sai ka ga yana tafiya a sama yana rangaji kamar agwagwar da aka koro. A fili ba na kallon Abba. In dole ta kama sai in ce "kai lamba bakwai". Ya jefa da kyau in juya ina duba sararin sama, ya yi kuskure kuwa sai na ji muryata ta dawo. Shi ma Kodin wata rana ya tsaya bayan atisaye yana murza hularsa ta ƙarfe ya tambaye ni ko wani laifi ya yi mini da nake sa shi yana jin kunya a gaban jama'a duk Juma'a. Na ce masa ya je ya yi wanka.

Mataimakina a lokacin shi ne Koci Reji, baƙar fata ɗan asalin garin nan, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin gaskiya. Ya yi mini magana ya gaji. Ni a ganina ba gaggawa, shekarar ƙarshe tana zuwa, zan san yadda zan yi.

A bazarar da Abba zai shiga ajin ƙarshe, wani mutum ya zo daga wata kwaleji, irin waɗanda ke yawon makarantu suna neman yaran da za su ba gurbin wasa da karatu. Bature ne mai sanƙo, bakinsa cike da 'ya'yan furen rana yana tofar da ɓawo. Ya gane ni kafin in gane shi, ya ce mun taɓa karawa muna samari, shi yana cikin masu rugowa su danne ni, kuma bai taɓa kama ni ba. Muka yi dariya. Ya tsaya a gefen fili yana kallon atisaye, can sai ya nuna da haɓa.

"Wancan mai lamba bakwai ɗin fa? An ce ɗanka ne. Yaya kake ganinsa?"

Wallahi daɗi ya cika ni har wuya. Yau ga baƙo ya zo gaisuwa. Na taɓe baki daidai yadda Malam ke yi, na juya maganar zuwa Turanci.

"Wannan? Ai ba abin da ya iya sai ci da barci. Hannun ma da sauran gyara."

Na sunkuyar da kai ina gyara hula, ina jira ya ce haba Koci. Shiru. Na ɗago na gan shi yana gyaɗa kai a hankali, fuskarsa cike da girmamawa. Ya ce ya daɗe bai ga uba mai gaskiya irina ba, yawancin koci sai su yi ta tallan 'ya'yansu kamar tsohuwar mota. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya gode mini da na rage masa wahala. Reji yana tsaye a bayana, na ji ya saki wani nishi kamar an taka shi. Kafin in haɗa kalmar da zan gyara, mutumin ya riga ya nufi wajen yaran, kuma da idona na gan shi ya dafa kafaɗar Abba yana ba shi shawarar ya rage barci da ci, wai babansa ya damu.

A mota muna komawa gida, da muka tsaya a danja sai yaron ya juyo ya dube ni.

"Baba, ka ce masa ni malalaci ne?"

"Ai ba haka ake fahimtar maganar ba. Shi ne bai amsa ba."

"Bai amsa me ba?"

Na yi masa bayanin lugude, na kawo masa labarin Malam da baƙinsa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce da Turanci shi bai taɓa ganin wannan baƙon da ke zuwa ya ɗaga taɓarya ba. Tun yana yaro rabin farko kawai yake ji. Danja ta ba da hannu, na bayana suka yi ta yi mini oda, ni kuwa na manta inda ake taka mota.

Gidan nan ya zama kotu. Abba ya koma kirana Koci har a kan tabarmar cin abinci, in na ce miƙo gishiri ya ce "Yes, Coach." Mamanku, wadda ba ta iya kiran sunansa, ta iya faɗa a kansa sarai. Ta dawo daga asibiti da kayan aiki a jikinta ta tsaya a ƙofar kicin.

"Baban Hauwa, ni da kai duka muna da kunya, amma ni tawa ba ta taɓa hana yaron nan cin abinci ba. Taka tana neman hana shi karatu."

Na juya wurin Iya don na san ita ce za ta tsaya mini, tsohuwar da ta yi zaman aure shekara da shekaru ba ta kira sunan mijinta ba. Tana tsinke zogale a tire, ba ta ko ɗago ba.

"Maganar da ka faɗa daidai ce, Haruna, ubanka ma haka zai ce. Amma ubanka yana duba wanda zai faɗa wa. Ka taɓa ganin ya kushe ka a gaban mai sayen shanu? Ka je ka gyara wa Maigida abin da ka ɓata, in ba haka ba ni da kai ne."

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Na kira mutumin a waya, da ya ɗauka sai na ji kaina ina tambayarsa iyali da hanya, muka yi sallama. Na riƙa atisayen yabo ni kaɗai a mota, in cunkoson Wendover ya riƙe ni sai in dubi madubi in ce "jifa mai kyau, ɗana", har wata mata a motar gefe ta ɗaga gilashinta. A mota maganar tana fita sumul. Da na isa fili yaron ya saki wani jifa da ya tsaga iska ya sauka a ƙirjin mai kamawa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Lamba bakwai, gyara ƙafarka." Ƙafar kuwa ba abin da ya same ta.

Ranar na zauna a kan benci bayan kowa ya watse na yi wa kaina lissafi. Shekara ɗaya ta rage wa yaron. In ya zauna a benci ba kwalejin da za ta san da shi. In na sa shi, duk wanda ya zo kallonsa ni zai tambaya, don kocin yaro ake tambaya, ni kuwa na ga abin da bakina ke yi in an tambaye shi. Hali zanen dutse ne, kuma nawa an zana shi tun a Funtuwa. Abin da zan iya shi ne in matsa daga tsakanin yaron da masu kallonsa.

Shugabar makaranta ta ɗauka ciwo ne ya same ni. Da na ce lafiyata ƙalau, a ba Reji ƙungiyar, ta yi ta juya usur ɗin a hannunta tana tambayata ko wani ya ɓata mini rai. Ban iya yi mata bayani ba, don in na fara dole in ce ɗana ya fi kowa, kun ga an koma gidan jiya. Na ce ina son hutu. Ta ce hutu babu, kocin besbol ya yi ritaya kuma ba mai so, in na bar wannan sai in ɗauki wancan. Na ce na ɗauka. Ban san komai a besbol ba sai cewa ana tofar da yawu da yawa.

Reji bai ɓata lokaci ba. Atisayen farko ya ɗora Abba a kwatabak, ya mayar da Kodi mai rugawa ya kama ƙwallo, yaron nan Kodi har rungumarsa ya yi. Ni kuma na koma cikin 'yan kallo. Duk Juma'a in na sauko daga masallaci in ci abinci, in ɗebi gidan gaba ɗaya mu tafi. Ban taɓa sanin kujerun nan na ƙarfe suna da sanyi haka ba. Ina ganin kuskure tun kafin a yi shi, hannuna ya kai wuya neman usur ya tarar da maɓallin riga. A gefena Iya, cikin zani da gyale da ƙatuwar rigar sanyi, ba ta san dokar wasan ba ko ɗaya, amma duk wanda ya taɓa Maigida sai ta ɗaga sandarta ta ambaci kakanninsa. Iyayen yara suka saba da ita har suna ajiye mata wuri. Abba ya daina ce mini Koci, amma bai koma Baba sosai ba, ya dai tsaya a tsakiya yana kallona. Ya ɗauka fushi na yi na bar ƙungiyar don kada in sa shi da hannuna, ni kuma ba bakin da zan gaya masa.

A wasan ƙarshe na gida suna da wata al'ada. Kafin a fara, a kira sunan kowane ɗan ajin ƙarshe a lasifika, iyayensa su saƙalo hannunsa su ratsa fili da shi, a ba uwa fure, uba ya rungume shi, jama'a na tafi. Mamanku da ta ji haka sai da ta zauna.

"Ni in riƙe hannun yaron nan a gaban gari? Ku ce ina aiki."

"Ba wanda ya tambaye ku," in ji Iya. "Mijina ne, ni zan raka shi. Ku biyo mu a baya."

Haka aka yi. Iya ta sha leshinta na Sallah, ta saƙala hannu a na Abba, kanta bai kai kafaɗarsa ba, ni da mamanku muna biye kamar 'yan rakiyar amarya muna ƙirga ciyawa. Hauwa, ke ce tafinta a ranar, ko kin tuna? Mai lasifika ya tambaya wace ce wannan, Iya ta ce ki ce matarsa, kika ƙi, kika ce kakarsa, ta yi kwanaki ba ta kula ki ba. Da aka kira cikakken sunansa ya cika filin nan, sunan Malam ke nan a bakin Bature, sai Iya ta tsaya cak a tsakiyar fili ta ce, "Allah ya jiƙansa," sannan ta karɓi furen mamanku ta ci gaba da tafiya.

Wasan ya yi zafi har ƙarshe, an ɗan fi mu ci, lokaci na ƙarewa. Abba ya karɓi ƙwallo, ƙarti biyu suka nufo shi, ya ja baya ya saki jifa zuwa wata kusurwa da ba kowa. Na ji mutane sun yi tsaki. Ni kaɗai na san abin da ya gani, ya jefa inda Kodi zai je, sai ga Kodi ya ɓullo a guje ƙwallo ya faɗo masa a hannu. Filin ya ɗauka da ihu. Kowa ya miƙe, ni na cire hulata ina duba cikinta, don idona ya kawo ruwa kuma ba na son a gani.

Muna saukowa sai ga mai sanƙo a bakin shinge, da ɓawonsa a leɓe. Reji ne ya yi ta damunsa har ya dawo. Abba na tsaye kusa, hular ƙarfe a hannu, inda zai ji komai. Mutumin ya gaishe ni ya tafi kai tsaye.

"Koci, abin da na gani yau ba malalaci ba ne. Amma gurbi ɗaya ya rage mini, kuma ba na ba yaron da ubansa ke shakkarsa, don uba ya san abin da ba a gani a fili. Yanzu ba kai ne kocinsa ba, ba abin da zai hana ka faɗin gaskiya. Yaya kake ganinsa?"

Na bar aikina don kada a yi mini tambayar nan, ga ta ta biyo ni har cikin 'yan kallo. Na ji leɓena ya fara taɓewa da kansa.

"To, yana dai ɗan..."

Sandar Iya ta sauka a kan babban yatsana. Ba ta jin Turanci, amma ta san fuskar, ta zauna da mai irinta.

"Haruna, wannan baƙon ba a koya masa ba, ba zai karɓa maka ba. Ka yi dakanka kai kaɗai."

Na dubi takalmin mutumin, don ba zan iya duban kowa ba. Na ce masa ya tuna ya ce bai taɓa kama ni ba. Ya ce ya tuna. Na ce to yaron nan ya fi ni. Tun kafin ya fara gemu ya fi ni, na sani, kuma shi ya sa na kasa kallonsa. Shi ke fara zuwa fili, shi ke ƙarshen tafiya, kuma ya zauna a benci shekara da shekaru a ƙarƙashin ubansa bai taɓa ɗaga murya ba. Na ce abin da na faɗa a bazara al'adar gidanmu ce, in yana da lokaci wata rana zan yi masa bayani. Gumi ya jiƙa mini riga a cikin sanyin nan. Da na saci kallon Abba sai na ga ya mayar da hular ƙarfen kansa ya ja ta har ƙasa, alhali an gama wasa. Ashe shi ma ɗan gidan ne.

A hanyar gida Iya ta sa ki, Hauwa, ki fassara mata abin da na ce, kalma bayan kalma. Da ta gama ji sai ta kama haɓa.

"Marar kunya. A gaban mutane kuma. Ubanka dai bai haifi haka ba."

Har ta rasu tana yi mini gorin wannan magana, ita da ta taka ni na faɗe ta.

Abba ya samu gurbin, ya yi wasansa ya yi karatunsa. Ni kuwa ƙwallo bai dawo hannuna ba. Reji ya riƙe ƙungiyar da kyau, kuma ba a kyauta a dawo a ce a ba ni abina. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, har yau in iskar kaka ta fara kaɗawa na jiyo gangar makaranta daga nesa sai in tsaya in kasa kunne. Na ƙarasa aikina a besbol, wasan da koci ke tsayawa a gefe yana ba yara umarni a ɓoye ta hanyar taɓa hanci da kunne da hula. Wasana na farko sauro ya shige mini kunne, na kai hannu na sosa, wani yaro ya ɗauka umarni ne ya zura a guje aka fitar da shi, ubansa ya bi ni har wurin ajiye motoci. Na koya a hankali, har muka riƙa cin wasu muna barin wasu. Mutanen shagon Wendover da suka ga an mayar da kwatabak mai sosa kunne, me za su ce in ba kora ba?

Yanzu yayanku shi ma koci ne, kun sani, kuma ranar Asabar yana koyar da ƙananan yara a wani fili can wajen Summerfield, kusa da gonar dawakai. Ɗan farinsa ya sa masa sunana. Na ɗauka zai ce masa Abba ko Baba kamar yadda aka saba. Ina. Ina zaune a kujerar ƙarfe sai in ji ɗan da na haifa ya daka tsawa a gaban jama'a, "Haruna, gyara ƙafarka," sai in ga na janye ƙafata. Mamanku ta ce har gobe ba ta saba ba. In yaron ya yi abin kirki kuma uban ya ruga ya ɗaga shi sama yana kiran sunan, ba ko gyara hula.

Amma akwai abin da al'ada ta bar wa kaka, kuma na karɓi gadon Iya har da sandarta. Jika ba a jin kunyarsa. Takwaran nan nawa hannunsa bai kai ya kawo ba tukuna, jifansa ma ya fi kama da na Kodi. Duk da haka in ya saki ƙwallo nakan miƙe da gwiwata mai ciwo in yi ihu har iyayen yara su waiwayo, in ce ba a taɓa jifa irin wannan ba, in ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron ba ya jin karin maganar, shi dai ya ga Kaka na ɗaga sanda sai ya yi dariya. Ubansa kuwa yana ji. Yana tsaye a gefen fili da usur a wuya, ba ya waiwayowa, sai dai in ga ya kai hannu ya ja hularsa ƙasa.